JIKIN ƊAN ADAM DA RAZANA: MA'AUNIN TAIMAKON WAƊANDA TA'ADDANCI YA RITSA DA SU

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ya san darajar mudu. Idan mai awo ya ce maka, "Ga gero nan, zai isa," ba za ka miƙa kuɗinka ba sai ka ga an sa mudu an auna. Haka abin yake a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibin da ya ce ruwa ya yi zafi bai faɗi komai ba tukuna, sai ya tsoma ma'aunin zafi ya karanta mana lamba. Wannan ɗabi'a ta awo ita ce ginshiƙin kimiyya, kuma ita ce muke son mu ɗauka yau mu ɗora a kan wani al'amari mai nauyi, watau taimakon mutanen da ta'addanci ya ritsa da su.

Tun daga shekarar 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, an kashe dubban mutane, an kuma raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu. Wasu sun tsallaka zuwa Diffa a Jamhuriyar Nijar, wasu zuwa sansanin Minawao a Kamaru, wasu kuma gaɓar tafkin Chadi. Jama'a sun yi ƙoƙari matuƙa wajen taimako, da abinci da tufafi da masauki. Sai dai kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta isa. Akwai taimakon da ba ya kai wa inda ake so, akwai ma wanda ke ƙara wa mutum ciwo. Saboda haka ne masana da hukumomi suka tsayar da ma'aunai, kuma yawancin ma'aunan nan daga ilmin halittar jikin ɗan Adam aka samo su. A wannan darasi za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga dalilin kowane.

Wane ne abin ya ritsa da shi?

Kafin a auna taimako, sai an san wanda za a taimaka wa. A ranar 29 ga Nuwamban 1985, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wata sanarwa a kan haƙƙin mutanen da aka zalunta ta hanyar aikata laifi. Sanarwar ba ta tsaya ga wanda aka ji wa rauni a jiki kawai ba. Ta haɗa da wanda ya samu cutarwa a hankalinsa, da wanda ya yi asarar dukiya, da iyalansa na kusa, da waɗanda yake ciyarwa, har ma da wanda ya samu rauni garin kai ɗauki. Ke nan matar da aka kashe mijinta, da marayan da ya bari, da direban da ya ƙone hannu wajen fitar da mutane daga mota, duk suna cikin lissafi.

Sa'o'in farko: rauni da jini

Idan bam ya tashi, yana yi wa jiki illa ta hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce matsin iska. Iskar da ke tasowa daga wurin fashewa tana bugun jiki da ƙarfin gaske, kuma gaɓoɓin da ke ɗauke da iska a cikinsu su suka fi jin jiki, watau dodon kunne da huhu da hanji. Ta biyu ita ce tarkacen ƙarfe da gilashi da ke huda jiki. Ta uku, jifar da mutum da iskar ke yi ta buga shi da ƙasa ko bango. Ta huɗu kuwa ƙuna ce da shaƙar hayaƙi da ƙura.

Daga wannan bayani muna iya fitar da ƙa'ida ta farko: duk wanda ke kusa da wurin fashewa ya kamata likita ya duba shi, ko da ba a ga jini a jikinsa ba. Raunin huhu kan ɓoye, sai bayan wasu sa'o'i numfashi ya fara sarƙewa. Shi kuwa dodon kunne idan ya fashe, galibi yakan warke da kansa cikin makonni, muddin ba a ɗiga masa mai ko ruwa ba.

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa. Idan ya zubar da lita 2, ransa yana cikin mummunan haɗari, domin zuciya ba za ta samu abin da za ta tura zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda ba. Abin da kowa ke iya yi shi ne ya samu ƙyalle mai tsabta ya danne bakin raunin da ƙarfi, ya ci gaba da dannewa har a isa asibiti. Idan wani ƙarfe ya maƙale a jiki, kada a zare shi, domin sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar da ta tsinke. Kada kuma a ba mai mummunan rauni abinci ko ruwa, don mai yiwuwa ne a yi masa fiɗa, kuma abin da ke cikin tumbi na iya dawowa ya shiga huhu idan an sa shi barci.

Idan masu rauni sun yi yawa, likitoci kuma kaɗan ne, wa za a fara dubawa? Wani likitan sojan Faransa na zamanin Napoleon, mai suna Dominique Larrey, shi ne ya yi fice wajen kafa ƙa'idar cewa a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, ba tare da duban muƙaminsa ba. A yau ana amfani da launuka. Ja na wanda zai mutu idan ba a taimake shi nan take ba, rawaya na wanda zai iya jira kaɗan, kore na mai tafiya da ƙafarsa, baƙi kuwa na wanda ya riga ya cika. Abin lura a nan shi ne, mai kururuwa da ƙarfi yana numfashi, hankalinsa kuma yana jikinsa. Wanda ya yi shiru a gefe, jikinsa ya yi sanyi, shi ne sau da yawa ya fi bukatar gaggawa.

Akwai kuma ma'aunin lokaci ga matan da aka ci zarafinsu. Maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki sai an fara shansa cikin sa'o'i 72, a kuma ci gaba har kwana 28. Kunya ko jinkirin iyali na iya cinye waɗannan sa'o'i, alhali ba su dawowa.

Makonnin farko: ruwa, abinci da makewayi

A 1994, bayan kisan kiyashin Ruwanda, ɗaruruwan dubban mutane suka kwarara zuwa garin Goma na ƙasar da ake kira Zayar a lokacin. Cikin 'yan makonni cutar kwalara da atuni suka kashe dubun-dubatarsu, duk da cewa ƙungiyoyin agaji sun cika wurin. Wannan abin takaici ya sa a 1997 ƙungiyoyin agaji suka haɗu suka fara shirin da ake kira Sphere, wanda ya tsayar da mafi ƙarancin abin da ya wajaba a samar wa mutumin da bala'i ya raba da gidansa. Ga wasu daga cikin ma'aunan:

1. Ruwa: aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, don sha da girki da tsabta.
2. Nisan wurin ɗiban ruwa: kada ya wuce mita 500 daga masauki.
3. Makewayi: ɗaya ga mutum 20.
4. Abinci: kimanin kalori 2,100 ga kowane mutum a rana.
5. Wurin kwana mai rufi: aƙalla murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum.

Bari mu yi ɗan lissafi. Magidanci mai mutum 6 a gidansa yana bukatar lita 90 a rana, watau kusan jarka 4 mai cin lita 25. Sansani mai mutum 10,000 yana bukatar lita 150,000 kowace rana, da makewayi 500. Da wannan lissafi, ko ɗalibin sakandare zai iya shiga sansani ya ƙirga famfo da makewayi, ya faɗi ko an cika mudu ko an tauye.

Dalilin waɗannan lambobi a fili yake ga mai nazarin ƙananan halittu. Ƙwayar cutar kwalara tana fita ne ta bahaya, ta koma cikin wani ta ruwan sha ko abinci. Idan makewayi ya yi kaɗan, mutane za su tsuguna a fili. Idan ruwa ya yi kaɗan, za a sha, a bar wanke hannu. Da damina ta sauka, sai ruwan sama ya haɗa biyun wuri ɗaya. Haka ya faru a watan Agustan 2017, lokacin da kwalara ta ɓulla a sansanin Muna Garage da ke gefen Maiduguri, ta kuma bazu zuwa wasu garuruwan Borno. Cunkoso a ɗaki kuwa shi ke sauƙaƙa wa ƙyanda da sanƙarau da tarin fuka hanyar yaɗuwa, tunda duk ta numfashi suke tafiya.

Tamowa: inda gaggawa ke iya kisa

Mutanen da suka daɗe a hannun 'yan ta'adda, ko a garin da aka datse hanyoyinsa, sukan fito a rame. A watan Yunin 2016, ƙungiyar likitoci ta MSF ta isa garin Bama, ta ba da rahoton cewa kusan mutum 200 sun rasu cikin wata guda a sansanin da ke can, akasari saboda yunwa da gudawa.

Ma'aikatan lafiya suna gane yaron da ke cikin haɗari da wani ɗan siririn tef mai launi, wanda ake zagaya wa a damtsen hannu. Ga yaro mai wata 6 zuwa wata 59, idan kaurin damtsen bai kai milimita 115 ba, to yana da tamowa mai tsanani. Wanda bai da wata cuta kuma yana iya cin abinci, akan ba shi wani haɗi na gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma yi amfani da shi sosai a yankin Maraɗi lokacin ƙarancin abinci na 2005. Ƙunshi ɗaya yana ba da kalori 500, ba ya bukatar ruwa ko dafawa, saboda haka uwa na iya ba ɗanta a gida.

Amma ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Jikin da ya daɗe cikin yunwa yakan rage aikin kowace gaɓa don ya tsira. Idan aka cika masa ciki da tuwo farat ɗaya, jiki zai saki sinadarin insulin da yawa, shi kuma zai janye wasu gishirin jini, irin su fosfet da fotasiyam, zuwa cikin ƙwayoyin halitta. Idan suka yi ƙasa a cikin jini, zuciya na iya tsayawa. Don haka a asibiti akan fara wa yaron da ya galabaita da wata madara marar ƙarfi, mai kalori 75 a kowace mililita 100, kaɗan-kaɗan kuma akai-akai, kafin a matsa zuwa mai ƙarfi. A nan tausayi marar ilmi yana iya ƙarasa abin da yunwa ta fara.

Abin da razana ke yi wa jiki

Na taɓa kasancewa a ɗakin gwaji tare da ɗalibaina, iska ta buga ƙofa da ƙarfi. Kowa ya ɗago kai ya koma ga aikinsa, ban da wani ɗalibi guda da na iske a ƙarƙashin tebur, jikinsa na rawa, gumi na zuba. Abokansa suka yi dariya. Daga baya na ji cewa yana cikin kasuwa ranar da bam ya tashi a garinsu, shekaru uku kafin wannan rana. Me ya faru a jikinsa?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane bai fi ƙwayar gyaɗa babba ba. Ana kiran su amigidala, kuma aikinsu kamar na mai gadi ne. Da kunne ko ido ya kawo alamar haɗari, sai su aika saƙo tun kafin mutum ya yi tunani. Saƙon na isa ga wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda, su kuma su zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, hanta ta saki sukari, jini ya bar hanji ya nufi tsokoki. Wani masani na Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, shi ne ya bayyana wannan tsari a 1915. Tun kafin nan ya lura cewa idan kyanwa ta firgita, motsin tumbinta yakan tsaya cik. Manufar duk wannan shiri ita ce halitta ta yi faɗa ko ta ruga da gudu.

Bayan adiranalin sai wani sinadari mai suna kotizol ya biyo, wanda ke riƙe jiki cikin shiri na tsawon lokaci. Idan haɗari ya wuce, komai yakan koma daidai. Matsala tana zuwa ne idan mai gadin ya ƙi komawa mazauninsa. Zaman ɗar-ɗar na wata da watanni yana hana barci, yana raunana garkuwar jiki, yana tayar da hawan jini, yana kuma taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke adana sabon karatu. Ɗalibina ya san sarai cewa ƙofa ce ta buga. Mai gadin da ke cikin kansa ne ya riga saninsa isa.

Yawancin mutanen da suka ga tashin hankali sukan yi mafarkai da firgita na kwanaki ko makonni, sannan su murmure da taimakon iyali da jama'a. Idan alamun sun wuce wata guda kuma suna hana mutum harkokinsa, likitoci na kiran abin ciwon bayan razana, sunan da ya shiga littattafan likitanci a 1980. Manyan alamunsa uku ne: abin ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, sai kuma yawan zabura da saurin fushi. Yara kan nuna shi ta fitsarin kwance, ko manne wa uwa, ko maimaita abin da suka gani cikin wasa. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa a yankunan da ake rikici, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ma'aunin taimakon zuciya

A da, an ɗauka cewa abin da ya fi shi ne a zaunar da wanda ya tsira nan da nan, a sa shi ya ba da labarin komai dalla-dalla, wai don ya amayar da abin. Da aka gwada wannan hanya ta kimiyya, sai aka ga ba ta hana ciwon, wasu ma takan ƙara musu. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina. A 2011 ta fitar da jagorar taimakon farko na zuciya, wadda ta ginu a kan matakai uku: duba, saurara, sada. A duba ko wurin ya aminta da kuma wanda ke cikin matsananciyar bukata. A saurari mutum idan yana son magana, ba tare da an matsa masa ba. A sada shi da iyalinsa, da abinci, da magani, da sahihin labari. A 2013 kuma hukumar ta yi gargaɗi game da ba waɗanda suka razana wasu magungunan kwantar da hankali masu sa barci, domin ba su warkar da ciwon, ga shi kuma jiki na sabawa da su.

Tun a 2007 hukumomin agaji na duniya suka tsara irin wannan taimako hawa huɗu, kamar dala. Hawan ƙasa, wanda kowa ke bukata, shi ne tsaro da abinci da matsuguni cikin mutunci. Na biyu shi ne ƙarfafa iyali da al'umma: haɗa waɗanda suka rabu, buɗe makaranta, ba mutane damar yi wa mamatansu jana'iza da karɓar gaisuwa. Na uku shi ne taimakon ma'aikacin da aka horar, ga mutum ɗaya ko ƙaramin rukuni. Na huɗu, can ƙololuwa, shi ne aikin ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa, irin na Asibitin Tarayya na Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa da ke Maiduguri, kuma kaɗan ne ke bukatarsa. Mai karatu zai lura cewa zumunci da zaman gaisuwa da muka gāda suna da gurbi a cikin wannan tsari.

Haƙƙi da doka

Sanarwar 1985 ta ambaci haƙƙoƙi huɗu: samun adalci da kyakkyawar mu'amala a gaban hukuma, mayar wa mutum abin da aka ƙwace masa, biyan diyya, da taimakon magani da na rayuwa. Wasu ƙasashe sun mayar da wannan doka. Faransa ta kafa asusun biyan diyya ga waɗanda ta'addanci ya shafa a 1986, Sifen kuma ta yi cikakkiyar doka a kansu a 2011. A Nijeriya an kafa Asusun Tallafa wa Waɗanda Ta'addanci Ya Shafa a 2014 ƙarƙashin shugabancin Janar T. Y. Danjuma, sannan aka kafa Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da dokar 2017. A 2017 ɗin ne kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Agusta ta kowace shekara don tunawa da su, a 2022 kuma aka fitar da samfurin dokoki da majalisun ƙasashe za su iya kwaikwaya. Amfanin doka shi ne ta fitar da taimako daga matsayin alfarma, ta mayar da shi haƙƙin da mutum zai nema ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Aikin malami da ɗalibi

Makarantu ba su tsira ba. An kashe ɗalibai a Buni Yadi a watan Fabrairun 2014, an sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilun wannan shekara, an kuma sace 110 a Dapchi a 2018. Yaran da suka gudo daga irin waɗannan wurare suna zaune a azuzuwanmu. Idan malam ya ga yaro yana gyangyaɗi, ko ya kasa riƙe darasin jiya, ko ya zabura don an buga tebur, ya bincika kafin ya ɗauki bulala. Duka yana tayar da mai gadin nan ne kawai, ya ƙara toshe ƙofar karatu. Abin da ke kwantar da shi shi ne tsari marar sauyawa: lokacin darasi sananne, murya a tausashe, wasa da motsa jiki, da sanar da yara tun da wuri idan za a yi wani abu mai ƙara. Ɗalibai kuma su guji laƙabi, su guji tambayar abokinsu abin da ya gani don jin labari, su guji yaɗa hoton wanda ya ji rauni a waya. Idan alamun sun tsananta, ko yaro ya fara maganar halaka kansa, a sanar da iyaye a kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Kammalawa

Mun ga cewa kowace lamba a cikin waɗannan ma'aunai tana da tushe a jikin ɗan Adam: lita 5 na jini, sa'o'i 72, lita 15 na ruwa, milimita 115 na damtse, wata guda na lura. Wanda ya san su zai iya taimako ba tare da cutarwa ba, zai kuma iya tambayar masu rabon agaji ko sun cika mudu. Ɗalibin nan nawa ya kammala karatunsa. Bayan wannan rana abokansa suka daina dariya, ɗaya daga cikinsu kuma ya ɗauki aikin sa dutse a bakin ƙofar duk lokacin da muka shiga gwaji.

Tambayoyi don nazari

1. Waɗanne gaɓoɓi ne matsin iskar bam ya fi yi wa illa, kuma don me?
2. Sansani yana da mutum 4,600. Lissafa ruwan da yake bukata a mako guda, da yawan makewayin da ya kamata a gina.
3. Bayyana dalilin da ya sa ba a cika wa mai tsananin tamowa ciki farat ɗaya.
4. Zana hanyar da saƙon haɗari ke bi daga kunne har zuwa bugun zuciya.
5. Kawo abubuwa uku da ajinku zai iya yi wa sabon ɗalibin da ya zo daga yankin rikici.